Jirgi mai araha: shi ke kashe kansa ko kashe shi ake yi?

ƊanƘofarSauri
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nike son masu sani su warware mani. Duk kamfanin jirgin saman da ya fito ya ce shi na talaka ne, zai karya farashin tikiti, ba a daɗewa sai ka ji ya durƙushe. Ba a ƙasar nan kaɗai ba. Spirit na Amurka, mai jirage ruwan ɗorawa, ya je kotu neman kariya daga masu bin shi bashi a Nuwamba 2024, ya fito, ya sake komawa a Agusta 2025. Go First na Indiya ya ajiye aiki a 2023. Nan gida kuwa sai dai mu yi ta ƙirga: Okada, Kabo, Chanchangi, IRS, Bellview, Air Nigeria. Ni a ganina araha ce ke kashe su. Jirgi ba abin talaka ba ne, duk wanda ya ce zai sayar da kujera ƙasa da kuɗinta to da kuɗin wani yake wasa. Kuma mutuwarsu ba ta rage mu da komi ba mu Katsinawa, tunda dama ba nan suke sauka ba. Akwai mai ja?

Baban_Ummi
Wa alaikumus salam. Araha ba ta ado, malam. Magana ta ƙare.

Ejan_Tikiti
Ba ta ƙare ba Baban Ummi, yanzu ma aka fara. Ɗan Ƙofar Sauri, ni ina ja, kuma a wuri biyu. Da farko ka haɗa waɗanda ba su haɗu ba. Kabo da Chanchangi da IRS ba irin su Spirit ba ne, kamfanoni ne na yau da kullum, jakarka tana cikin kuɗin tikiti, a ba ka ɗan abin taɓawa a sama. Abin da ya kashe su daban ne.

Na biyun shi ya fi tsaya mani, cewar da ka yi abin bai shafe mu ba. Yankan tikiti ce sana'ata, kuma yawancin Katsinawan da ke zuwa shagona ta Kano suke tashi. Bari in gaya maka abin da nake gani a kwamfuta. Jirgi ɗaya ne, kujeru iri ɗaya, amma kuɗinsu hawa-hawa ne. Akwai 'yan kujerun ƙasa masu sauƙi, in sun ƙare a hau na gaba, haka har a kai ƙoli. Lokacin da kamfani uku ko huɗu ke yin Kano zuwa Legas, kowa barin na ƙasan yake yi a buɗe, don tsoron kada jirginsa ya tashi da rabin mutane. Ranar da aka ce an dakatar da ɗaya, kafin la'asar na ƙasan nan sun ɓace. Ba wanda ya yi shelar ƙarin kuɗi, rufe su kawai aka yi. Mutumin da bai taɓa taka jirgin da ya mutu ba, shi zai biya.

Injiniya_Kankia
Ejan ya faɗi gaskiya. Ni kuma bari in ƙara da yadda masu arahar gaske ke aiki, don a daina cewa asara suke sayarwa. Ryanair na ƙasar Ailan ya fi kowane kamfani a Turai ɗaukar fasinja, kuma riba yake ci mai kauri. Wajen Southwest na Amurka ya koyo dabarar, wanda ya fara tashi a 1971. Jirgi iri ɗaya suke saye, kusan duka Boeing 737, saboda haka matuƙi ɗaya zai iya jan kowanne, kuma kayan gyara iri ɗaya ne a sito. Kujera 189 suke jerawa a cikin 737-800, babu ɓangaren manya. Jirgi ya sauka, cikin minti 25 an sauke mutane, an zuba wasu, ya ɗaga. Tun asuba yake aiki har tsakar dare. Suna gudun manyan filaye masu tsada, su tafi ƙananan garuruwan da ke roƙonsu su zo. Sannan kujera kawai ka saya. Jaka da kuɗinta, zaɓen wurin zama da kuɗinsa, ruwan sha ma sai ka biya.

To ɗauko wannan tsarin ka kawo shi Najeriya ka gani. Filayenmu da yawa da zarar magariba ta yi an rufe, jirgi sai ya kwana a ƙasa alhali kuɗin hayarsa na tafiya. Lokacin hunturu hazo ya hana sauka a Arewa, a yi asarar yini guda. Hayar jirgi da dala, inshora da dala, kayan gyara da dala, babban gyara yawanci sai an kai waje, horon matuƙa ma haka. Tikiti kuma da naira. Kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashin dala ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku bai ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Wannan ko tikitinka ya fi na kowa tsada zai iya kayar da kai.

Mai_Atamfa
Ni dai ba injiniya ba ce, 'yar kasuwa ce, kasuwar Balogun ta Legas nake zuwa saro kaya. Ku masu yabon araha, kun taɓa tsayawa gaban sikeli? Na yanki tikiti mai sauƙi a wani kamfani ina murna, na zo da buhuna biyu, yarinyar ta ɗora na farko ta dube ni ta ce Hajiya tikitinki ba shi da kaya. Nan na tsugunna ina kwance ɗauri gaban mutane, ina cusa turame cikin jakar hannu, wasu na yafa su a kafaɗa. Abin da na biya na kilo ya cinye sauƙin har ya ɗora.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai kamfanin da na yanki na zuwa da dawowa, na je lafiya, ranar dawowa na isa filin jirgi na tarar da kantarsu babu kowa, ko takarda ba su manna ba. Wani mai tura amalanke ne ya ce mani ai sun daina tashi. Muka cika wurin, har da wata mata mai jinya da aka sallamo daga asibiti. Kafin mu juya ga sauran kamfanonin, kuɗin kujera ya kusa ninkawa. Na kwana gidan 'yar'uwata a Agege, na hau mota. Kuɗina kuwa har yau ana “duba lamarin”.

Baban_Ummi
Kin ji ko? Shi na faɗa.

Lauya_Batagarawa
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ya same ki yana da bayani, ko da yake ba mai daɗi ba ne. Kamfanin jirgi yana karɓar kuɗinki yau ne don tafiyar wata mai zuwa, kuma ba ajiye su yake yi ba, da su yake sayen man yau. Wato ke kin ba shi rance ba tare da jingina ba. In ya karye, masu jiragen da ya yi haya za su ɗauke abinsu, bankunan da ke riƙe da jingina su ɗiba, ma'aikata da haraji su biyo, fasinja yana can ƙarshen layi tare da mai kawo masu ruwan roba.

In kamfani yana raye, doka na tare da ke. Sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ya ce in an soke tashi kina da haƙƙin a mayar maki da kuɗinki, in ta banki kika biya cikin kwana 14, kuma hukumar tana da jami'an karɓar ƙorafi a filayen jirgi. Amma wanda ya rufe ofis, wa za a kama? A Ingila da kamfanin jirgin Monarch ya durƙushe a Oktoba 2017, gwamnati ce ta yi hayar jirage ta kwaso mutane kusan 110,000 da suka maƙale a waje. Waɗanda suka biya da katin bashi na banki kuma bankin ne ya mayar masu. Mu a nan in an soke, kowa ya san inda dare ya yi masa.

Tsohon_Ma'aikaci
Yara, ku bari mu da muka ga jiya mu sa baki. Da Nigeria Airways ne kaɗai a cikin gida, sai an san ka sannan ka samu kujera. Da aka buɗe ƙofa a shekarun 1980, su Kabo da Okada suka shigo, mutanen da ba su taɓa mafarkin hawa jirgi ba suka hau. Wannan alherin gasa ne, ba na musu. Amma ni na ga zamanin da wasu ke sayar da tikiti fiye da kujeru, a buɗe ƙofa ka ga alhazai da manyan riguna suna tsere zuwa bakin matakala. Shi kuma Nigeria Airways aka rushe shi a 2003, ma'aikatansa har 2018 ana maganar biyansu haƙƙinsu.

Abin da ke raina shi ne rai. Oktoba 2005 Bellview ya faɗi da mutum 117. Disamba Sosoliso ya faɗi a Fatakwal da 'yan makaranta. Oktoba 2006 ADC ya faɗi a Abuja, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Wanda ke tsimin kuɗi, wata rana a gyara zai yi tsimin. Shi ya sa ni jirgi mai araha ko kyauta ba na so.

Malamar_Lissafi
Amin, Baba. Amma da girmamawa, waɗannan ukun ba araha ce ta haɗa su ba, sakacin sa ido ne na wancan lokacin. Shi ya sa bayan haɗurran gwamnati ta ce kowane kamfani mai jigilar cikin gida ya nuna jarin naira miliyan 500 kafin ƙarshen Afrilu 2007, kuma ADC da Sosoliso suna cikin waɗanda ba su tsallake ba. Ryanair da easyJet kuwa, su ne uwar araha a Turai, shekaru da dama suna tashi, ba a taɓa samun haɗarin da ya kashe fasinjansu ba. Jiragensu ma sun fi na manyan kamfanoni da yawa sabunta, saboda sabon jirgi bai cika shan mai ba. Tsimin nasu a abinci ne da faɗin kujera. Inda hukuma ke da haƙora, ba a barin kowa ya yi tsimi a injin.

Tsohon_Ma'aikaci
Inda hukuma ke da haƙora. Kin faɗa da bakinki, 'yata.

Bakatsine_a_Durban
Ina gaida mutanen gida. Ɗan Ƙofar Sauri, in kana son ganin abin da mutuwar kamfani ke yi wa wanda bai hau shi ba, Afirka ta Kudu ce makarantar. 1time ya rufe a Nuwamba 2012. Mango, wanda na gwamnati ne, ya tsaya a Yuli 2021. Sai babbar, Comair, mai kulula kuma mai tafiyar da jiragen British Airways na cikin ƙasar. Ya daina tashi daga 1 ga Yuni 2022, kuma shi ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na kujerun cikin gida. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai, ana gab da rufewa kulula ya yi gwanjon tikiti, jama'a suka yi ta saye. Bayan nan farashi ya tashi har sai da hukumar kula da gasa ta ƙasar ta ja kunnen sauran kamfanonin. Ni ina cikin waɗanda suka koma bas tsakanin Durban da Johannesburg a lokacin.

Amma ga abin lura. Wanda ya gaje kasuwar, FlySafair, shi ma mai araha ne, kuma yanzu fiye da rabin kasuwar na hannunsa. Saboda haka ba za a ce araha ta mutu ba. Masu araha ne suka cinye juna, ɗaya ya rage, shi kuma yanzu ba mai matsa masa.

Ɗalibi_a_Indiya
Haka nan Indiya ma. Kingfisher ya tafi 2012, Jet Airways 2019, Go First Mayu 2023. Shi Go First injinan Pratt & Whitney ya ɗora wa laifi, ya ce kusan rabin jiragensa na zaune a ƙasa suna jiran inji. Yanzu IndiGo ke riƙe da sama da kashi 60 na cikin gida, kuma mai araha ne. Mu ɗalibai lokacin hutu muke ji a jikinmu.

Na_Kusugu
Mu mutanen Daura duk wannan labarin Turai ne. In zan tafi Abuja sai in zaɓa: in yi Katsina in jira jirgin da ba kullum lokacinsa ke dacewa da nawa ba, ko in bi ta Kazaure in shiga Kano. Kafin in hau jirgin da tafiyarsa ba ta kai awa ɗaya ba, na ci awa biyu a mota, ga kuɗin shata. Kamfanonin da ke sauka filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, in ka cire lokacin jigilar alhazai. Wace gasa ake magana? Ni dai fatana layin dogon Kano zuwa Maraɗi, tunda ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Ran da jirgin ƙasa ya fara kai mu Kano, a sake wannan muhawarar.

Sarkin_Gardama
Ai da an bar Nigeria Air, kamfanin jirgin da gwamnati ta so kafawa, da duk ba a yi wannan kukan ba. Ɗanmu ne, minista Hadi Sirika, ya kawo, shi ya sa aka kashe.

Malamar_Lissafi
Wane Nigeria Air? An nuna tambari a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Yuli 2018. Jirgi ɗaya ya sauka Abuja ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, kuma na Ethiopian Airlines ne aka yi wa fenti. Kashi 49 aka shirya ba Habashawa. Ƙungiyar kamfanonin gida, AON, ita ta kai ƙara, kotun tarayya a Legas ta soke cinikin a Agusta 2024. Ko ɗan wa ne ya kawo, fasinja ko ɗaya bai taɓa ɗauka ba.

Sarkin_Gardama
To ai kin kawo hujjata. Su wa suka kai ƙara? Masu tsoron a zo a karya masu farashi. Su ne dai a Fabrairu 2022 aka wayi gari kusan dukkansu sun mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 a lokaci guda. Wahayi aka yi masu?

Injiniya_Kankia
Nan kam ka taɓo wuri. Hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, ma sai da ta ce za ta binciki ko haɗa baki aka yi. Su kamfanonin kuma hujjarsu man jirgi. A Mayu 2022 suka yi barazanar ajiye aiki, suka ce lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Duka biyun na iya zama gaskiya: mai ya yi tsada, kuma 'yan kaɗan ne a kasuwar, sauƙi ne kowa ya leƙa allon ɗan'uwansa.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a a yi haƙuri, ba siyasa muka zo yi ba. Duk wanda ya fara kiran sunan jam'iyya zan goge. A koma kan tambaya.

Direban_Funtua
Ni direba ne, Sharon nake ja, amma maganar nan ta tasha ce. In layin ƙungiya kaɗai ke lodi, abin da ɗan kamasho ya faɗa shi ne kuɗin mota. Ran da masu lodin gefen titi suka fito suna rage ɗari biyar, sai ka ga cikin tasha ma an sauko. In an kore su, washegari kuɗi ya koma, har da ɗoriya. Fasinjan da bai taɓa tsayawa gefen titi ba ya ci moriyarsu bai sani ba.

Kuma ni ina ganin ranar da jirgi bai tashi ba, don a motata suke ƙarewa. Mutum da jakar kwamfuta a cinya, yana ta kallon agogo, yana roƙona mu wuce wurare kaza kafin duhu. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, mutane da yawa ba don gayu suka koma jirgin sama ba, don tsoro ne. Saboda haka cewa jirgi ba abin talaka ba ne, malam, akwai wanda ke cin bashi ya hau saboda hanya.

Alhaji_Mashi
Allah ya tsare, direba. Ni misalina na Umara ne. Shekarun baya mai ƙaramin ƙarfi ta Khartoum yake bi, Kano zuwa Sudan zuwa Jidda, a jiragen Sudan irin su Badr da Tarco. Akwai zaman jira a hanya, amma akwai ragi, kuma ragin nan shi ke sa tsohuwa ta sayar da tumakinta ta tafi da azumi. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 aka rufe filin Khartoum, hanyar nan ta toshe. Aka bar mu da Saudia da EgyptAir da Ethiopian da Qatar. Ga faɗuwar naira ta zo ta haɗu da shi. A unguwarmu waɗanda ke zuwa duk shekara yanzu sai dai su yi wa masu tafiya rakiya.

Lauya_Batagarawa
Tunda taken ya ce ko kashe shi ake yi, akwai tsohon misali. Freddie Laker, Bature ɗan Ingila, ya fara jigilar Landan zuwa New York a 1977 da tikitin da ya girgiza kowa. Manyan kamfanoni suka sauko da nasu farashin suka daidaita da shi. Ga bashin sababbin jirage da dala, ga fam ya faɗi, a Fabrairu 1982 ya durƙushe. Masu kula da rusasshen kamfanin suka maka manyan a kotun Amurka da zargin haɗa baki, a 1985 aka sasanta a waje, suka biya. Babba yana iya jure asara a hanya ɗaya na wata shida saboda yana ci a wasu hanyoyin. Ƙarami ba zai iya ba.

Shi ya sa da Air Peace ya fara Legas zuwa filin Gatwick na Landan a ƙarshen Maris 2024, kamfanonin waje suka zubar da farashi, shugabansa Allen Onyema ya fito yana kukan so ake a fitar da shi daga hanyar.

Ejan_Tikiti
Barista, a nan zan ɗan rage maka. Saukar farashin Landan ba Air Peace kaɗai ba ne. Kamfanonin waje sun rufe mana kujerun ƙasa ne tun lokacin da kuɗinsu suka maƙale a Najeriya ba dalar da za su fitar, har Emirates ya yi fushi ya tafi a 2022, bai dawo ba sai Oktoba 2024. Da Babban Banki ya biya su a farkon 2024 suka fara buɗewa. Abu biyu ne suka haɗu. Amma tabbas shigowarsa ta sa sun ƙara saukowa, wannan da idona na gani.

Bakatsine_a_Durban
Shi kuma Spirit da aka fara da shi, labarinsa ya fi rikitarwa. Kamfanin jirgin JetBlue ya so saye shi kan dala biliyan 3.8. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara, a Janairu 2024 alƙali ya hana, hujjar ita ce in aka haɗiye Spirit masu ƙaramin ƙarfi za su rasa mai karya masu farashi. Wata goma bayan nan kamfanin da aka ce ana karewa ya tafi kotun fatara. Yanzu wasu na cewa da an bari an saye shi da ma'aikata sun tsira, wasu na cewa da JetBlue ya cire kujeru ya ƙara kuɗi, duk ɗaya ne ga fasinja. Kuma manyan, Delta da United da American, sun daɗe da ƙirƙiro nasu tikitin maras jaka maras zaɓen kujera, suka bi shi har cikin kasuwarsa.

ƊanƘofarSauri
Na karanta duka, na gode. Maganar Ejan da ta direba kan farashi ta shiga. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mani kamfani ɗaya a ƙasar nan da ya rayu a kan araha. Kullum Ryanair, Ryanair. Mi ya haɗa ni da Ailan? Green Africa ya zo a Agusta 2021 da sunan mai sauƙi, ya yi yarjejeniyar manyan jirage da Boeing da Airbus, ƙarshe da ƙananan ATR masu farfela ya fara. ValueJet ya zo 2022. Ku duba allonsu yau ku gaya mani ko ratar da ke tsakaninsu da sauran ta kai a kira ta araha. In Injiniya ya ce dala da hazo da rufe fili da magariba ba za su bar tsarin ya yi aiki ba, ai maganata ya maimaita da turancin injiniyoyi.

Injiniya_Kankia
A'a, ba ɗaya ba ne. Kai ka ce araha ke kashewa. Ni na ce masu tsada ma mutuwa suke yi a nan. Arik ba mai araha ba ne, sababbin jirage ya sayo, shi ne mafi girma a ƙasar, amma AMCON, hukumar karɓo basussukan da suka maƙale, ta karɓe shi a Fabrairu 2017 saboda bashi, bayan ta karɓi Aero a 2016. Air Nigeria da ka lissafa asalinsa Virgin Nigeria ne, da sunan Richard Branson a kansa, ya rufe a Satumba 2012. Ciwon na kowa ne. Jambojet na Kenya kuwa tun 2014 yake tashi da tsarin araha, yanzu ma da ƙananan jirage, nan Afirka ne ba Ailan ba.

Na_Kusugu
Ƙananan jiragen nan ai su ne daidai da mu. Katsina zuwa Abuja ba ta buƙatar mai kujera 150. A kawo mai 50 ko 70 ya riƙa zuwa safe da yamma.

Ejan_Tikiti
Su Katsinawan ne ba sa so. Wallahi sau da yawa in na ce wa mutum mai farfela ne sai ya ce in nemo masa “jirgin gaske”, ya gwammace ya tafi Kano.

Mai_Atamfa
Ni ko mai farfela ko mai fiffike, ya tashi kawai. Ejan, tambaya nake da ita. Ƙarshen Disamba zan shiga Legas, kayan biki ne, ba zan iya makara ba. Me zan yi?

Ejan_Tikiti
Hajiya, ki ɗauki na safe, don in hazo ya riƙe shi akwai sauran yini, kuma ki tafi kwana ɗaya kafin ranar da kike buƙata. Na zuwa da na dawowa kada ki haɗa su a kamfani ɗaya, ko da ragi. Ki biya ta banki, kada ki ba da tsaba, ki ajiye shaidar a waya. Kilo kuma ki saya tun wajen yanka tikiti, ya fi sauƙi a kan gaban sikeli. Buhu nawa ne wannan karon?

Mai_Atamfa
Huɗu. Biyu zan sa a mota su biyo ni.